Libore da ƙauyukan bakin Yamai: wa ke zaune, wa ke da ƙasa?

Idan ka bar tsakiyar Yamai ka kama hanyar Kollo, za ka ratsa Gamkalle, ka ratsa Saga, sannan ka faɗa ƙasar Libore. Tafiyar ba ta da nisa, amma garuruwan nan uku labari ɗaya suke bayarwa, kowanne a nasa zamani. Gamkalle tsohon ƙauyen Zabarmawa ne da birni ya haɗiye tuntuni. Saga gari ne mai sarkin kanto, wato basaraken da ke bisa masu garuruwan yanki, yau yana cikin da'ira ta huɗu ta birnin Yamai, amma da sauran fadamun shinkafarsa da dattawan da suka san iyakar gonar kowane gida. Libore kuwa a wajen hukuma ƙaramar hukumar karkara ce ta gundumar Kollo, cikin jahar Tilaberi, alhali turakun masu yanka filaye sun riga sun shiga gonakinta, kuma da yawa daga masu kwana can Yamai suke sammako neman abinci.

To, su wane ne mutanen irin wannan gari? Tambayi dattijon da ke zaune ƙofar fada, zai ce maka garin Zabarmawa ne, kuma bai yi ƙarya ba. Tsaya bakin titi wajen mahauta da masu shaguna, Hausa za ta cika maka kunne. Jira la'asar sakaliya ka ga shanu na dawowa, Bafulatani ne a bayansu. Leƙa kangon da ba a gama ginawa ba, sau da yawa iyalin Buzu ne ke gadinsa, maginin kuma ɗan Togo ne ko ɗan Benin. Kowa da abin da idonsa ya gane masa. Ni dai a ganina, lissafin ƙabilu kaɗai ba zai gaya maka yadda garin yake ba. Sai ka bi sawun ƙasa: wa ya gada, wa ya sayar, wa ya saya, wa ke zaune a kan ta wani.

Bari mu fara da alƙaluman da ke hannu. Nijar ta yi ƙidayar jama'a a 1977, da 1988, da 2001, da 2012. Ta 2012 ta ba ƙasar mutum 17,138,707, birnin Yamai kuma 1,026,848. Kason ƙabilun da ake yawan ambatawa daga ƙidayar 2001 ya fito: Hausawa kashi 55 da ɗoriya cikin ɗari, Zabarmawa da Songai kashi 21, Buzaye kashi 9 da ɗoriya, Fulani kashi 8 da rabi, Barebari kusan kashi 5, sai Tubawa da Larabawa da Gurmawa, waɗanda kowannensu bai kai kashi 1 ba. A Yamai lissafin ya juye. Zabarmawa da Songai sun ɗan haura rabi, Hausawa sun ɗan wuce kashi ɗaya bisa uku. A jahar Tilaberi da ta kewaye birnin kuwa, Zabarmawa da Songai sun haura kashi 60, Hausawa wajen kashi 10 ne kawai, Fulani da Buzaye duk suna gabansu. Libore tana tsakanin waɗannan lissafai biyu. Hukuma na ƙirga ta da Tilaberi, amma duk shekarar da birni ya ƙara matsowa, kamanninta na ƙara komawa na Yamai.

A matakin ƙauye, kundin garuruwan da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ta fitar a 2014 yana faɗin maza nawa, mata nawa, gidaje nawa, da nawa ne na manoma. Babu gurbin ƙabila a ciki. Wannan ya sha bamban da Amurka, inda ake ƙidaya duk shekara goma tun 1790, kuma kowane ɗan ƙaramin gari na bayan birni yake da jadawalinsa: farare kashi kaza, baƙaƙe kashi kaza, ƴan asalin Asiya kashi kaza. Tarihin bauta da wariyar launin fata, da dokokin da aka kafa don gyaran ɓarnarsu, su suka sa su bin wannan hanya. Maƙwabciyarmu Najeriya ta bi akasin haka, ta cire tambayar ƙabila da ta addini daga ƙidayar 2006. Saboda haka duk wanda ya ce maka Libore kashi kaza Hausawa ne, kashi kaza Fulani, tambaye shi inda ya samo.

Ko da an zana jadawalin, a yammacin Nijar akwai jama'a masu yawa da ba sa zama daidai cikin gurbi ɗaya. Arawan Dogon Dutsi Hausa suke yi, ƴan uwansu Mawri na wajen Loga da Sokorbe Zabarmanci suke yi, kuma dukkansu sun yarda tsatsonsu ɗaya. Kurfayawan Filinge Hausawa ne, amma da yawansu harsunan biyu duk na gida ne a bakinsu. Mutanen Tagazar, wajen Balleyara, asalinsu Buzaye ne, harshensu na yau Zabarmanci. Kurte na bakin kogi suna danganta kansu da Fulani, yarensu kuwa na Songai ne. Wa za ka sa a ina? Ga kuma auratayya. Ɗauki yaron da ubansa Ba'adare ne ɗan Tawa, uwarsa Bazabarma ƴar Saga. Al'ada ta ba shi ƙabilar uba, amma da harshen uwa ya buɗe baki, a gidan kawunnansa ya yi wayo, Tawa kuwa sai da biki ko rasuwa yake ganin ta. Mai ƙidaya zai rubuta Bahaushe. Ƴan unguwa sun san shi a matsayin jikan gidan wane.

Ita kanta kalmar Hausawa rumfa ce babba. A bakin Yamai, Ba'adare ya san gidan Ba'adaren da zai sauka, Bagobiri ya san nasa, ɗan Damagaram ya san nasa, masuncin da ya hauro daga Kabi yana da nasa mutane a bakin ruwa. Hanyar samun aiki, da bashin jari, da wurin kwana na watan farko, ta wannan ƙananan zumunta take bi. Jadawali zai tara su duka a layi ɗaya, alhali ɗan kasuwar Katako mai motoci da yaron da ke tura baro a ƙofar shagonsa ba abin da ya haɗa rayuwarsu sai harshe da salla.

Cakuɗuwar ba sabuwa ba ce. Yamai kanta daga ƴan unguwanni ta taso a bakin kogin Isa: Mawre ta Mawri, Kalle ta Zabarmawa, Zongo ta fatake, ga Fulani a gefe. A 1926 Turawan Faransa suka dawo da babban birni daga Damagaram zuwa nan. Lokacin samun ƴancin kai a 1960 mutanen garin wajen dubu talatin ne. Gadar Kennedy da aka buɗe a 1970 ta haɗa birnin da Harobanda, wato tsallaken kogi, inda Fulanin Lamorde suke da sarautarsu. Farin 1973 da 1974 ya kwararo da makiyaya, akasarinsu Buzaye, zuwa sansanin Lazare, wanda yau unguwa ce cikakkiya. Farin 1984 ya sake turo wasu. Kowane ayari a bakin gari yake sauka, bakin gari kuwa kullum gonar wani ce.

A nan ne maganar take. Ta hanyoyi kaɗan gona ke komawa unguwa. Akwai yankan hukuma, wanda mutane ke kira lotisma: a ɗauki gonaki, a fitar da tituna, a yanka filaye, a ba masu gonar wani kaso na filayen a matsayin diyya, sauran a sayar. A farkon shekarun 2000 gwamnati ta biya ma'aikata wani ɓangare na bashin albashinsu da filaye, abin da ya cinye gonaki masu yawa a kewayen birni. Akwai ƴan kasuwa masu yankan kansu, waɗanda ke sayen gona sukutum daga magada. Akwai kuma cinikin kai tsaye, inda mai gona ke yanka wa mai saye gwargwadon kuɗinsa, a sa shaidu, a karɓi takardar maigari. Ta haka unguwanni irin su Pays-Bas da Tondigamay suka tashi a ƙasar mutanen Saga, ba titi tsararre, ba filin makaranta da aka ware tun farko. Dokar karkara ta 1993 ta amince da mallakar gargajiya, abin da ya kare manomi daga ƙwace, amma kuma ya tabbatar masa cewa abin da ya gada yana da farashi.

Yi lissafi da kanka. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. In an cire tituna aka yanka filaye masu mita 400, za a samu goma sha biyar zuwa ashirin. Gonar hekta biyar da ke ciyar da gida ɗaya za ta iya zama gidaje tamanin. In kowane gida ya ɗauki mutum shida, ga ka da mutum kusan ɗari biyar a wurin da dā iyali ɗaya ke zuwa shuka su koma. Ba haihuwa ce ke sauya fuskar gari irin Libore ba, duk da yawan haihuwarmu. Gona biyu ko uku in suka faɗa hannun mai yanka, cikin ƴan shekaru baƙi sun fi ƴan gari yawa a wannan yanki.

Su wa ke saye? Duk mai kuɗi. Ɗan kasuwar Babbar Kasuwa ko Wadata, malamin makaranta da ya gaji da haya a Talaje, soja mai shirin ritaya, ɗan cin ranin da ya tara abin da ya tara a Abijan ko Libiya. Hausawa suna da yawa a cikinsu, domin kasuwanci na hannunsu da yawa. Amma akwai Zabarmawan Doso da Wallam, da Songai na Tera, masu ɗimbin yawa. Kuma abin da jadawalin ƙabila ke ɓoyewa ke nan: Bazabarmen Wallam da ya sayi fili a Libore baƙo ne a wajen ƴan gari, daidai da Bakatsinen Maraɗi. Ba shi da gona, ba shi da kabarin kaka, ba shi da bakin magana a kan sarauta. Jadawali zai haɗa shi da masu gari saboda harshe, alhali a zaman yau da gobe layinsa ɗaya da Bahaushen da ke maƙwabtaka da shi: tare suke neman a jawo ruwan famfo, tare suke karo-karon sayen turakun lantarki, tare suke zuwa gaban magajin gari kan maganar kwata.

Su kuwa magada, ba duka suka ci riba ba. Akwai gidajen da suka yi dabara, suka riƙe wasu filaye, suka gina na haya, suka sa ƴaƴa karatu. Akwai kuma da yawa da kuɗin ya bi ta hannunsu ya wuce: an yi aure, an sayi babur, an sauke farali, an biya bashin asibiti, shekara biyar babu gona babu kuɗi. Ɗan gidan ya koma kabu-kabu ko lebura a ginin da ake yi kan gonar kakansa. Ba na ganin laifin mutumin da talauci ya sa ya sayar, balle wanda ya ga in bai sayar ba yankan hukuma zai zo ya same shi. Amma zafin da ke cikin zuciyar irin wannan saurayi gaskiya ne, kuma ranar da ya tashi furta shi ba zai ce "masu kuɗi sun cinye mu" ba. Zai kira sunan ƙabilar da ya fi gani a shaguna. Ta nan rikicin dukiya ke sanya rigar ƙabilanci. Mata kuma, waɗanda shari'a ta ba su rabonsu na gado, sau da yawa sai an gama ciniki suke jin labari daga bakin ƴan uwansu maza.

Akwai waɗanda ko sunansu ba ya shiga takarda. A ƙauyukan bakin kogi gidaje da yawa sun shekara aru-aru suna noma gonar aro, suna kai wa mai ƙasa damin gero bayan girbi don shaida cewa ƙasar tasa ce. Cikinsu akwai Fulanin da suka zauna, akwai Bella, wato zuriyar bayin Buzaye, akwai sauran jikokin bayi. Ranar da aka sayar da gonar, diyya ta mai takarda ce. Wanda ya yi shekara arba'in yana zuba mata taki sai ya kwashe bukkarsa. Makiyayi ma haka: burtali ya toshe, makiyaya ta zama filaye, hanyar mashaya ta bi ta cikin katangar wani. Dokar kiwo ta 2010 ta hana mallake wuraren kiwo na jama'a, amma a bakin birni turakun siminti sun fi doka sauri. Ba wanda ya ce Fulani su tashi. Kawai dai wurin da saniya za ta tsaya ne ya ƙare, sai a wayi gari rugar ta matsa gaba, adadinsu a garin ya ragu ba tare da wani ya rubuta dalili ba.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. A tsarin dā maganar tana da ma'ana: baƙo ya zo, maigari ya ba shi masauki, in ya daɗe a ara masa gona, shi kuma ya san yana ƙarƙashin inuwar wani. Baƙon yau da kuɗinsa ya saya, da takardarsa a aljihu, ya zuba kankare, ba inda za shi. In ka ce masa ya je ya gaida maigari, wani zai ce: "Ni da na biya kuɗina, me ya haɗa ni da shi?" In ka koma fada, dattijo zai ce: "Mun sayar musu da fili, ba mu sayar musu da gari ba." Duka biyun suna da hujja, kuma dukansu suna da abin da ba su gani ba.

Domin yanzu iko iri biyu ne a gari ɗaya. Sarauta ta jini ce: sarkin kanto daga gidan sarauta yake fitowa, masu garuruwa ne ke zaɓensa, kuma yawan baƙi ba ya taɓa wannan. Kujerar magajin gari kuwa, tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, ta ƙuri'a ce, ƙuri'a kuma ta yawa ce. A 2024 an rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi, amma duk ranar da aka koma akwati tambayar za ta dawo: in sababbin unguwanni sun fi tsohon gari yawan masu zaɓe, wa zai riƙe hatimin da ake yanka filaye da shi? Tun kafin a kai can, ƙananan abubuwa ne ke nuna inda aka dosa. Wa zai yi limancin sabon masallacin Juma'a, kuma da wane harshe za a fassara huɗuba? In maƙabartar gari ta cika, wa zai ba da sabon wuri? Sabuwar unguwa za ta samu nata mai unguwa, ko za ta zauna ƙarƙashin maigarin da ya sayar da ita? Tsohuwar dabarar naɗa sarkin zongo ko sarkin fawa, wadda ta ba baƙi bakin magana a fada ba tare da taɓa gadon sarauta ba, ta yi aiki a garuruwa da yawa na ƙasar nan. Ina ganin har yanzu tana da amfani, in an faɗaɗa ta ta zama wakilcin unguwa maimakon na ƙabila.

Sai maganar da ba mu cika son yi a fili ba, ta launi da asali. Mu ba mu da jadawalin farare da baƙaƙe irin na Amurka, amma muna da namu rabe-raben da suka fi shi ɓoyuwa. A cikin gurbin da aka rubuta Buzaye akwai jar fata da baƙar fata, akwai jikokin iyayengiji da jikokin waɗanda suka yi musu bauta, kuma mai gadin kangon nan galibi daga na biyun yake. A ƙauyukan Zabarmawa da yawa akwai ɓangaren da ake kira dabey, inda zuriyar bayi ke zaune, kuma su ne suka fi rasa gonar kansu. Nijar ta sanya bauta cikin manyan laifuka a 2003, bayan gwagwarmayar ƙungiyoyi irin su Timidria da aka kafa a 1991, amma doka ba ta shiga ɗakin da ake shawarar aure. Mu Hausawa ma kada mu ɗauka mun tsira. Har yau akwai gidan da zai hana ɗan mahauci ko ɗan maƙeri ko ɗan wanzami ƴarsa, ko da yaron likita ne. Wani alheri na sabuwar unguwa shi ne mai sayar da fili ba ya tambayar sunan kakanka, maƙwabci ma ba ya tambaya. Mutane da yawa sun samu numfashi a bakin birni saboda wannan. Sai ranar da aka aika neman aure, a ce za a yi bincike, sannan tsohon lissafi ya taso.

Ta fuskar harshe kuwa, Yamai da kewayenta wuri ne da yaro ke tashi da Zabarmanci da Hausa tare, ya ƙara da Faransanci a lakwal, wani ma da Fulatanci ko Tamajak a cikin gida. Wannan dukiya ce da garuruwa kaɗan suke da ita. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Bahaushe na iya jin daɗin wannan, amma wanda ke zaune a Saga ko Libore ya kamata ya ji nauyinsa fiye da daɗinsa. Mutumin da ya ga gonar gidansu ta tafi, ya ga kasuwar garinsu ta koma wani harshe, sannan ya ji a rediyo cewa wannan harshen ne na ƙasa, ba sai an gaya maka abin da zai ji a ransa ba. Akwai Hausawan da suka shekara ashirin a unguwar Zabarmawa ba su wuce "fofo", wato sannu da Zabarmanci, ba, don sun san duk inda suka shiga za a amsa musu da Hausa. Wannan sakaci ne, kuma ƴaƴanmu sun fi mu gaskiya a nan, domin su a filin ƙwallo ba sa jiran a fassara musu.

Ana yawan kawo wasan taubasantaka a matsayin maganin komai. UNESCO ta sanya shi cikin gadon al'adun duniya a 2014, kuma ya cancanta. Bafulatani da Ba'are, Bafulatani da Babarbare, Bazabarme da Buzu, Bagobiri da Bazabarme: duk wanda ya zauna a tasha ko wajen suna ya ga yadda zolaya ɗaya ke kashe wutar da ta fara kamawa. Amma wasan yana sanyaya zuciya ne, ba ya mayar da burtali, ba ya raba gado, ba ya hana a sayar da fili ɗaya ga mutum uku. In muka ɗora masa abin da aikin alƙali ne da na hukumar filaye, za mu gajiyar da shi.

Ayarin baya-bayan nan shi ya fi ban tausayi. Ambaliyar 2012 da ta 2020 ta tashi dubban mutane daga unguwannin bakin kogi, aka kai wasu unguwar Seno da ke gefen birni. Rashin tsaro a Torodi, Tera, Wallam da Banibangu ya turo iyalai zuwa gefen birni, Zabarmawa da Fulani da Gurmawa da Buzaye, kowa da abin da ya iya ɗauka. Waɗannan ba masu sayen fili ba ne. Suna raɓe a gidan dangi, ko cikin kango, ko a bukkar leda kan filin da mai shi bai tashi gini ba. Ƙidayar 2012 ba ta san da su a nan ba. Kuma tare da su wani mugun abu ya shigo, wato zargi. Bafulatanin da kakansa ke kiwo a wannan ƙasa tun kafin a gina gadar Kennedy yanzu yana iya tsintar kansa ana yi masa kallon baƙon da ba a yarda da shi ba, saboda kamanninsa da rawaninsa. A irin wannan yanayi, takardar da ke cewa ƙauye kaza yana da Fulani kashi kaza ba ilimi kaɗai ba ce, tana iya zama makami a hannun wanda ba ya tsoron Allah.

Shi ya sa ba na goyon bayan a wallafa lissafin ƙabilu ƙauye-ƙauye. Na san hujjar masu so, kuma ba ta banza ba ce: abin da ba a ƙirga ba, ana iya musun sa, kuma in wata al'umma ce kullum ke rasa makaranta da rijiya, adadi ne zai tona. A matakin ƙasa da jaha wannan hujja ta fi ƙarfi, a ci gaba da yi. A matakin gari mai mutum dubu kaɗan, inda kowa ya san ƙofar gidan kowa, hatsarin ya fi amfanin.

Akwai tambayoyin da suka fi wannan amfani ga gari irin Libore, kuma galibinsu takardar ƙidaya ta saba ɗaukar su, sai dai a fitar da amsarsu unguwa-unguwa a miƙa wa ƙaramar hukuma. A ina aka haife ka, kuma yaushe ka zo? Wannan zai nuna saurin da garin ke cika, a san aji nawa za a gina kafin yara su kai shekara bakwai. Da wane harshe ake magana a gidanka? Da shi za a san irin malamin aji ɗaya da irin ungozomar da za a turo gidan likita, domin mace mai naƙuda ba ta da lokacin neman tafinta. Gidan da kake ciki naka ne, haya ne, ko gadi kake? Gonar da kake nomawa gado ce, saye ce, ko aro? Amsar wannan ta ƙarshe ita za ta nuna gidaje nawa ne za su tashi hannu rabbana ranar da mai yanka ya iso, tun da sauran lokacin da hukumar filaye za ta rubuta haƙƙin mai aro, ta shata burtali, ta ware maƙabarta da filin makaranta. A Gamkalle wannan lokaci ya wuce, a Saga saura kaɗan. A Libore da Ndunga, da ƙauyukan hanyar Hamdallay da ta Karma, har yanzu akwai gonakin da ba a kafa wa turaku ba.